Kafin ka tona asiri: jagora ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ga ɓarna a ofis

A ce kai akawu ne a sashen albashi. Ƙarshen wata ya yi, kana bin jerin sunaye layi-layi kamar yadda ka saba, sai idonka ya faɗa kan wata lambar asusun banki da ka ji kamar ka taɓa gani. Ka koma shafin baya, ga ta. Ka ƙara komawa, ga ta kuma. Sunaye bakwai, asusu ɗaya, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu sunayen da ka taɓa gani a bakin aiki. Ka ɗauki takardar ka shiga wurin shugaban sashe ka ce, "Yallaɓai, akwai abin da ban gane ba a nan." Ya kalli takardar, ya kalle ka, ya turo maka ita ya ce, "Daga sama ne. Ka sa hannu kawai."

Daga wannan lokaci kana da ɗaya daga cikin abu uku: ka sa hannu ka zama abokin tarayya, ka ƙi sa hannu ka yi gum, ko ka kai maganar inda ya dace. Wannan jagora ta mai son bin hanya ta uku ce. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, dokar kare masu kwarmato ba ta tare duka kafin ya sauka. Yawancinta bayan an cuce ka take aiki, ta ba ka damar neman a mayar da kai aiki ko a biya ka diyya. Ko ita wannan damar ma sai ga wanda ya bi ƙofar da doka ta nuna, ya riƙe shaida, bai kuma bari wa'adi ya wuce shi ba. Mutane da yawa masu gaskiya sun faɗi a kotu, ba don ƙarya suka yi ba, sai don sun fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: ka rarrabe ɓarna da ɓacin rai

Ba duk abin da ya ƙona maka rai a ofis ne doka ke kira ɓarna ba. An tsallake ka a ƙarin girma, shugabanka ba ya amsa gaisuwarka, an ba wani kwas ɗin da kake hange: waɗannan koke ne na ma'aikaci, suna da tasu hanyar, amma ba su ne kwarmato ba. Dokar jihar Washington ta Amurka ta 1992, wadda aka yi musamman domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta fito fili ta cire irin waɗannan rigingimu na ɗaukar aiki da ƙarin girma daga ma'anar ɓarna. Ita ma dokar Birtaniya ta 1998 an gyara ta a 2013, aka ƙara sharaɗin cewa sai mai magana ya yi imani abin da yake faɗa ya shafi maslahar jama'a.

Abin da dokoki suka fi haɗuwa a kai shi ne karya doka, sata da almundahana da dukiyar jama'a, karɓar na goro, almubazzaranci mai yawa, amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, jefa lafiya ko rayukan mutane cikin haɗari, da kuma ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan. Ma'aikatan bogi, kwangilar da aka biya ba a yi ba, kwangilar da aka yanka ƙanana-ƙanana don a kauce wa gasar neman kwangila, filin hukuma da aka raba a ɓoye, takardar izinin gini da aka sayar: duk suna ciki.

Ba a neman ka zo da hujjar da za ta ɗaure mutum. Aikin mai bincike ne wannan. Abin da ake nema, a dokokin Turai da Birtaniya da Afirka ta Kudu duka, shi ne a ce mutum mai hankali da ya ga abin da ka gani zai iya yarda akwai ɓarna. In daga baya bincike ya nuna ka yi kuskure, kariyarka ba ta faɗi ba. Wanda ya san ƙarya ce ya kai, shi ne ba shi da mafaka, a ƙasashe da dama ma hukunci ke jiransa. Saboda haka ka zauna ka tambayi kanka: me na gani da idona, me aka gaya mini, me nake zato? Ka ware su gida uku. Wannan rabo zai yi maka amfani har ƙarshen tafiyar.

Mataki na biyu: ka nemo dokar da ta rufe ka, kai da kanka

A nan ma'aikacin ƙaramar hukuma yake yawan faɗawa rami, domin labarin da yake ji a rediyo kusan kullum na dokar gwamnatin tarayya ce, shi kuwa yana can ƙasan tsani.

Dubi Amurka. Shahararriyar dokarsu ta kare masu kwarmato ta 1989 ta ma'aikatan tarayya ce. Akawun gunduma ko injiniyan birni sai ya duba dokar jiharsa, kuma kowace jiha da irin tata. A Tarayyar Turai, umarnin da aka zartar a 2019 ya tilasta wa hukumomin gwamnati buɗe hanyar karɓar rahoto a cikin gida, amma ya bar wa kowace ƙasa zaɓin ta ɗauke wa garuruwan da mutanensu ba su kai 10,000 ba, ko waɗanda ma'aikatansu ba su kai 50 ba. A Najeriya, shirin kwarmato da ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ƙaddamar a Disambar 2016, mai alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, manufa ce ta gwamnati, ba doka ce da majalisa ta zartar ba. Bambancin ba ƙarami ba ne: manufa tana iya ba ka lada, amma ba ita ce za ta tsaya maka gaban alƙali ba ranar da aka kore ka. Abin da ya fi kusa da garkuwa a can shi ne sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wanda ya kare jami'in gwamnati da ya bayyana abin da yake da dalilin ganin ɓarna ce, da kuma tanadin ɓoye sunan mai ba da labari a dokar hukumar yaƙi da cin hanci, wato ICPC, ta 2000. Ghana kuwa tana da cikakkiyar doka tun 2006, Afirka ta Kudu tun 2000, ta kuma gyara ta a 2017. Indiya ta zartar da tata a 2014 amma aka bar ta shekara da shekaru ba a fara aiki da ita ba.

Kada yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003 ta ruɗe ka. Sashe na 33 nata cewa ya yi ƙasashe su duba yiwuwar kare masu kai rahoto. Shawara ce ga gwamnatoci, ba takarda ce da za ka miƙa wa shugaban ƙaramar hukuma ba.

To, ka samo abu huɗu ka karanta da kanka: dokar kwarmato ta ƙasarka ko jiharka in akwai, dokar ƙwadago, ƙa'idojin aikin gwamnati da suka shafe ka, da kuma rubutacciyar manufar hukumar da kake yi wa aiki. Kana karantawa kana neman amsar tambayoyi biyar. Shin ma'aikaci irina yana ciki, ko da na wucin gadi ne ko ɗan kwantiragi? Wace irin ɓarna ta ƙunsa? Wa aka ce a kai wa? Me aka hana a yi mini? Kwana nawa nake da shi in an taɓa ni? In da hali, ka ga lauyan da ya san harkar ƙwadago, ko wakilin ƙungiyarku, kafin ka buɗe baki a ofis. Maganarka da lauya sirri ce a doka. Hirar da ka yi da abokin tebur kuwa, gobe a bakin kowa za ka ji ta.

Mataki na uku: shaida, da yadda ba za ta zame maka tarko ba

Ka sayi littafi ɗan ƙarami da kuɗinka, ka ajiye shi a gida. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, wa ya ce me, su wa ke wurin. Ka rubuta kalmomin mutum kamar yadda suka fito, "Daga sama ne, ka sa hannu kawai," kada ka rubuta "ya tilasta mini sata." Na farko shaida ce, na biyu fassararka ce. Rubutun da aka yi a ranar da abu ya faru yana da nauyi a gaban mai bincike fiye da abin da ka tuno bayan wata takwas, lokacin da rai ya ɓaci, kwanaki kuma suka cakuɗe.

Ka rubuta lambobin takardu: lambar baucan biya, lambar kwangila, ranar da aka sa hannu, wa ya amince, a wace kabad ko wane fayil take. Sau da yawa wannan ya ishi mai bincike, domin shi yana da ikon cewa a kawo masa asalin takardar, ikon da kai ba ka da shi.

Ga iyakar da ba a tsallakewa. Kada ka ɗauke asalin fayil daga ofis. Kada ka shiga kwamfutar wani da kalmar sirrinsa, kada ka buɗe durowar da ba taka ba. Dokar Birtaniya ta ce bayanin da mutum ya aikata laifi wajen bayyana shi ba ya samun kariya, umarnin Turai kuma ya yafe wa mai kwarmato yadda ya sami bayanin ne kawai in hanyar ba laifi ba ce a karan kanta. Masu ɓarna sun san da wannan sarai. Abu na farko da suke nema shi ne inda za su mayar da zance daga "ina kuɗin" zuwa "wa ya ba ka izinin ɗaukar takardar." Ko kwafin takardar da ke wucewa ta teburinka, ka fara tambayar lauya kafin ka fita da ita, musamman in tana ɗauke da bayanan mutane kamar na lafiya ko na haraji. Naɗar murya a ɓoye ma haka: a wasu wurare ya halatta in kana cikin masu maganar, a wasu kamar jihar Kalifoniya sai kowa ya yarda.

Akwai wata shaida da mutane ke mantawa da ita, ita ce ta kanka. Ka tattara takardar ɗaukarka aiki, takardun ƙarin girma, rahotannin auna ƙwazo na shekarun baya, duk wata wasiƙar yabo, da shaidar zuwa aiki. Yanzu za ka ga kamar ba su da amfani. Ranar da aka wayi gari aka ce kai malalaci ne mai taurin kai, su ne za su nuna cewa shekara goma ba a taɓa cewa haka ba sai mako uku bayan rahotonka.

Sannan ka binciki kanka. In ka taɓa sa hannu a irin wannan takarda a baya, ko an taɓa ba ka wani ɗan kaso, ka gaya wa lauya tun yanzu. Za a tono, tabbas za a tono. Gara ya fito daga bakinka.

Mataki na huɗu: ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Wannan ne matakin da ya fi kayar da mutane, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ƙofofi uku ne. Ta cikin gida: shugabanka, mai binciken kuɗi na hukumar, ko jami'in da aka ware don karɓar irin wannan rahoto. Ta waje amma ta gwamnati: babban mai binciken kuɗi, hukumar yaƙi da cin hanci, hukumar karɓar koke-koken jama'a, 'yan sanda, mai gabatar da ƙara. Ta uku ita ce bainar jama'a: 'yan jarida da shafukan sada zumunta. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce, gwargwadon nisanka daga cikin gida, gwargwadon yadda sharuɗɗan kariya ke ƙara tsauri.

Amma dubi yadda jihohi biyu na ƙasa ɗaya suka saɓa. A Washington, dokar ta ce kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin kai rahoto, kuma ma'aikacin da bai yi ƙoƙarin bin wannan tsari da zuciya ɗaya ba ya rasa kariya. A Texas kuwa, sai ka kai wa hukumar da ke da ikon aiwatar da dokar da aka karya ko binciken laifin, kuma kotunan jihar sun sha yanke cewa gaya wa shugabanka kaɗai bai wadatar ba. Mutum biyu, ɓarna iri ɗaya, mataki iri ɗaya, ɗaya ya tsira ɗaya ya faɗi. Shi ya sa na ce ka karanta dokar da idonka.

Akwai shari'o'i uku na Kotun Ƙolin Amurka da suka cancanci ma'aikaci ko'ina ya sani, domin darasinsu ya wuce iyakar ƙasar. A 1964, wani malamin makaranta a jihar Illinois mai suna Marvin Pickering ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar ilimi ke kashe kuɗi, aka kore shi, a 1968 kotu ta ce yana da 'yancin magana a matsayinsa na ɗan ƙasa. A 2006 sai ga Richard Ceballos, mataimakin mai gabatar da ƙara na gundumar Los Angeles. Ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana cewa akwai ƙarya a rantsuwar da wani jami'in tsaro ya yi don samun izinin bincike. Ya ce bayan haka an canja masa wurin aiki an hana shi ƙarin girma. Alƙalai biyar cikin tara suka ce abin da ya rubuta ɓangare ne na aikinsa, saboda haka tsarin mulki bai kare shi ba. Abin ɗaure kai: wanda ya fita waje ya tsira, wanda ya bi ta ofis ya rasa. A 2014 kotun ta ɗan gyara, a shari'ar Edward Lane, wanda ya gano wata 'yar majalisar jihar Alabama tana karɓar albashi a shirin da yake shugabanta ba tare da zuwa aiki ba, ya sallame ta, ya ba da shaida a kotu, daga baya shi ma aka sallame shi. Duk alƙalan suka yarda shaidar da ya bayar bisa rantsuwa magana ce ta ɗan ƙasa. Abin ɗauka a nan shi ne, kada ka jingina da "ai ina da 'yancin faɗin albarkacin baki." Ka nemi takamaimiyar dokar kwarmato, ka bi ta yadda take.

Ghana ta buɗe ƙofofi da faɗi: dokarta ta lissafa masu karɓar rahoto da yawa, har da sarki da shugaban addini, ta kuma yarda a kai da baki a rubuta wa mutum. Umarnin Turai ya bar wa mai kwarmato zaɓi tsakanin cikin gida da hukumar waje, ya kuma ɗora wa mai karɓa agogo: ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 7, ya ba da bayanin inda aka kwana cikin wata 3. Gyaran Afirka ta Kudu na 2017 ya ba mai karɓa kwana 21 ya yanke ko zai bincika, ya kuma sanar da kai a rubuce.

Ra'ayina shi ne, a ƙaramar hukuma ƙofar cikin gida tana da rauni na musamman. Wurin ƙarami ne. Mai binciken kuɗi yana iya zama surukin ma'aji, jami'in karɓar koke kuma shugaban da kake zargi ne ya naɗa shi. In wanda ake zargi shi ne a saman kowa, kuma dokarka ba ta tilasta maka farawa daga ciki ba, ka wuce kai tsaye zuwa hukumar da albashinta ba a hannunsa yake ba. In kuma ta tilasta, ka bi, a rubuce, ka riƙe shaidar ka bi, ka ƙirga kwanakin da doka ta ɗiba, sannan ka wuce gaba.

Jarida da intanet su ne ƙarshe. A Birtaniya wanda ya kai wa jarida don a biya shi ya yi asarar kariya. A Turai sai in ka kai rahoto ba a yi komai ba cikin wa'adi, ko akwai haɗari na gaggawa ga jama'a, ko akwai dalilin ganin za a ɓatar da shaida ko an haɗa baki da hukumar. Rubutun da ka watsa a Facebook cikin fushi da dare yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, ya kuma ba masu ɓarna lokacin ƙona takardu.

Mataki na biyar: da suna ko ba suna

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai rahoton da ba wanda ya san mai shi, akwai kuma wanda hukuma ta san ka amma ta yi alkawarin rufe sunanka. Na farko ya fi ɓoye ka, sai dai mai bincike ba shi da wanda zai koma wa da tambaya, kuma in an gane ka an cuce ka, zai yi maka wuya ka nuna cewa saboda rahoton ne. Na biyu ya fi ƙarfi a doka, amma ya rataya ne a kan amanar mutane.

Satyendra Dubey injiniya ne a hukumar manyan hanyoyi ta Indiya. A 2002 ya rubuta wa ofishin firaminista wasiƙa kan almundahana a aikin hanya, ya roƙi a ɓoye sunansa. Aka tura wasiƙar tana yawo daga ofis zuwa ofis da bayanansa a jiki. A Nuwambar 2003 aka harbe shi a garin Gaya na can Indiya. Kotu ta ɗaure mutum uku a kan kisan a matsayin fashi, amma batun yadda sunansa ya fita shi ne ya girgiza ƙasar.

In ka zaɓi ɓoye kai, ka tuna ofis ƙarami ne. In mutum uku kaɗai ke iya ganin wannan bauca, sunanka na cikin ukun ko ba ka rubuta shi ba. Kada ka yi amfani da kwamfutar ofis, ko imel ɗin ofis, ko intanet ɗin ofis, ko na'urar buga takardu ta ofis, duk suna ajiye tarihin wanda ya taɓa su. Hoto da fayil suna ɗauke da bayanan ɓoye na wayar da ta ɗauka da lokacin da aka ɗauka. Har salon rubutunka yana iya tona ka, in kana da wata kalma da kowa ya san ka da ita.

Mataki na shida: rubuta rahoton

Gajere, a jere bisa kwanan wata, ba zagi, ba kirari. Wa, me, yaushe, ina, nawa, da inda za a sami takardun. Ka nuna a fili wanne ka gani, wanne aka gaya maka. Kada ka haɗa da tsohuwar rigimarku, domin ita za a kama a ce ƙiyayya ce. A saman takardar ka rubuta cewa wannan rahoto ne a ƙarƙashin doka kaza, kana neman a rufe sunanka, kana kuma neman kariya daga ramuwar gayya. Ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi, ka nemi a buga maka hatimin karɓa ko a ba ka lambar shigarwa. In da baki ka faɗa, ka bi shi da takarda a ranar: "Kamar yadda na shaida maka yau da ƙarfe goma..."

Mataki na bakwai: bayan rahoto

Yanzu ne za ka zama ma'aikacin da babu kamarsa. Ka riga kowa zuwa, kada ka fita ba izini, kada ka taɓa ko biro na hukuma don amfanin kanka. Bi-ta-da-ƙulli ba kasafai yake zuwa da sunansa ba. Yana zuwa ne a matsayin takardar neman ba'asi kan lattin minti goma, canjin wurin aiki zuwa wani lungu da ba teburi, ɗauke maka fayiloli, daina kiranka taro, riƙe alawus, ko binciken da aka buɗe a kanka kai da ka kawo ƙara. Abokan aiki za su fara sauya hanya in sun hango ka. Wannan ya fi takardar ciwo, kuma babu dokar da ke maganinsa.

Kowanne ya faru, ka shigar da shi littafinka, ka amsa kowace takarda a rubuce cikin ladabi, ka ambaci ranar rahotonka. Kada ka ajiye aiki cikin fushi, domin wanda ya tafi da ƙafarsa shari'arsa ta fi ta wanda aka kora wuya. Kada ka sa hannu a takardar sulhu ko ta yin shiru sai lauya ya gani. A Birtaniya duk sharaɗin da ya hana ma'aikaci kwarmaton da doka ta kare ba shi da inganci, amma ba ko'ina haka yake ba.

Sai agogo. A Washington kwana 30 ne kacal daga ranar da aka yi maka ramuwar ka miƙa rubutaccen koke ga majalisar hukumar. A Texas kwana 90. A Birtaniya wa'adin zuwa kotun ƙwadago ya daɗe yana kan wata 3, kuma mai son a ci gaba da biyansa albashi kafin a gama shari'a kwana 7 yake da shi daga ranar kora. Ana cikin jiran "manya za su sa baki" kwanakin ke ƙarewa, kotu kuma ba ta jin wannan uzuri. Ranar da aka taɓa ka, a ranar za ka ƙirga wa'adinka ka rubuta ranar ƙarshe a bangon littafin.

Ka kuma duba wa doka ta ɗora wa nauyin kawo hujja. A umarnin Turai, in ka nuna ka kai rahoto kuma an cutar da kai, ana ɗauka ramuwa ce, sai hukuma ta tabbatar da wani dalili na daban. A Texas ma in hukuncin ya zo cikin kwana 90 da rahotonka, zato yana gefenka. Inda babu irin wannan tanadi, kusancin kwanaki da tsoffin takardun yabonka su ne makaminka.

Mataki na takwas: ranka

Babita Deokaran babbar jami'ar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng a Afirka ta Kudu. Ta ja hankali kan wasu biyan kuɗi masu alamar tambaya a asibitin Tembisa. Ranar 23 ga Agustan 2021 aka harbe ta a ƙofar gidanta a Johannesburg, bayan ta dawo daga kai 'yarta makaranta. Ƙasar tana da dokar kwarmato shekara ashirin da ɗaya kafin wannan rana, amma doka ce ta kare aiki, ba ta tsare rai ba.

In kuɗin da ake magana masu yawa ne, ko masu hannu a ciki suna da 'yan daba, ka lissafa wannan tun kafin mataki na huɗu. Ka ajiye kwafin littafinka da na rahoton a hannun lauya ko wani amintacce da ba ya gari ɗaya da kai. Ka gaya wa mutum ɗaya a gidanka abin da ake ciki, domin su ma abin zai shafe su, kuma bai kamata su ji a bakin waje ba. Ka tanadi abin da zai riƙe gida na 'yan watanni in albashi ya tsaya. Duk barazana, ko ta waya ce ko saƙo ta bakin wani, ka kai ta ga 'yan sanda da hukumar da ka kai wa rahoto a rubuce, ka tambaye su kai tsaye ko akwai shirin kare shaidu da za a sa ka ciki, da kuma sunan jami'in da za ka kira in abu ya taso da dare.